Gonar awakin bayan Rigachikun: jajayensu sun biya ni, ruwa-biyun sai mai hali

Gonar da nake magana a kanta tana bayan Rigachikun. In ka baro Kawo ka ɗauki hanyar Zariya, sai ka sauka daga kwalta ka bi wata hanyar burji da damina take cinyewa kowace shekara. Mai ita dattijo ne da ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi kiwo, yaransa da maƙwabta duk Alhaji suke ce masa. Awaki kaɗai ake kiwo a wurin, ba tumaki ba shanu. Suna sayar da na kiwo, suna ba da hayar bunsuru don barbara, suna sayar da dusa da harawa, kuma akwai wani matashi da ya karanta lafiyar dabbobi a kwalejin Mando wanda yake bin gidajen masu saye yana duba abin da suka ɗauka. Duk waɗannan na yi hulɗa da su a kai, shi ya sa na ga ya dace in rubuta, musamman saboda 'yan'uwana mata da ke ta tura wa juna hotunan manyan awakin waje a WhatsApp suna shirin zuba kuɗin adashinsu a ciki.

Ni malamar firamare ce, ina zaune a Badarawa, kuma tun da aka kawo ni gidan nan tsakar gidana bai taɓa rabuwa da akuya ba. A da daga kasuwa nake saye, Zangon Tudun Wada ko Kawo ranar Talata. In ta yanka ce ko ta suna, har gobe can zan aika, don babu inda ya kai su zaɓi. Ta kiwo kuwa maganarta daban. Dabbar kasuwa ta kwana a mota ɗaya da wasu daga garuruwa barkatai, ta sha ruwa a kwano ɗaya da su, dillalin da ke riƙe da igiyarta shi ma jiya ya fara ganinta. Ba laifinsa ba ne in bai san ko uwarta tagwaye take haifa ba, ko an taɓa yi mata rigakafi. Wannan tarihin shi ne ainihin abin da gonar nan take sayarwa, kuma shi ne ya sa kuɗinta ya ɗara na kasuwa.

A bakin ƙofa akwai kwami da ruwan magani a ciki, kowa sai ya tsoma takalminsa kafin ya wuce. Ɗakunan awakin an ɗaga su daga ƙasa, daɓen na katako ne mai 'yar tazara, kashi da fitsari suna zuba ƙasa, a kwashe a sayar wa masu lambu. Wanda ya taɓa kiwon akuya a Kaduna ya san amfanin wannan, domin akuya tana jure zafi da ƙishi amma ba ta jure kwana a kan danshi. Bunsurayen suna can gefe guda, nesa da matan.

Jajayen su ne suka fi yawa, kuma a wurinsu na fi daɗewa. Ita ce jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake danganta ta da Maraɗi: ja mai duhu, gashi gajere mai sheƙi, kunnuwa gajeru a miƙe gefe, ƙaho ɗan madaidaici da ya kwanta baya, mace da namiji duk suna da shi. Babbar mace takan kai kilo 20 zuwa 30. Fatarta ce ayari suka riƙa ɗauka daga Kano su ƙetara hamada da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, har yau kuma majema sun san ba ta da ta biyu. Muna da ita a kowace unguwa har mun raina ta. Amma jajayen gonar nan ba irin na unguwa ba ne, ƙirjinsu ya fi faɗi, bayansu a miƙe, hantsarsu a ɗaure. Na tambayi Alhaji ko an gauraya su da wani iri, ya ce ko ɗigo babu. Bayanin da ya yi mini shi ne, a gidajenmu duk ɗan bunsurun da ya fi girma shi ake fara kamawa a yanka ranar suna ko a sayar da salla, a bar ƙanƙanin yana yawo a layi yana hawa uwarsa da 'yarsa da ƙanwarsa. In aka yi shekaru a haka dole irin ya tsuke. Shi kuwa mafi kyawun yake ajiyewa, sauran a dandaƙe su su zama taure, kuma yana sauya bunsuru kafin 'ya'yansa mata su isa barbara. Babu wani sirri bayan wannan. Masu bincike a cibiyar dabbobi ta Shika kusa da Zariya sun daɗe suna aiki a kan wannan akuyar, mu masu ita a gida ne muka bar ta ta lalace.

Akwai 'yan Sahel masu dogon ƙafa, farare da dabbare-dabbare, kunnuwa a rataye, wasu da layu a wuya. Kaɗan ya ajiye, ya ce ruwan Kaduna ya yi musu yawa, sun fi jin daɗin Borno da Yobe. Gajerun nan na kudu, irin waɗanda ake gani daga kudancin jihar nan har kurmi, ba ya kiwonsu, ko da yake ya yaba musu da jure sammore, cutar da ƙudan tsando yake yaɗawa.

Sai ɗakin da kowa yake zuwa dominsa, na Boer. Boer akuyar Afirka ta Kudu ce da aka gina don nama: jiki fari, kai ja, kunnuwa manya a zube, hanci a lanƙwashe, ƙaho ya zagaya baya. A ƙasarsu babban bunsuru yana haura kilo 100. Na nuna wata budurwa mai kyau na ce, "Alhaji, wannan ce Boer ɗin da ake ta faɗa?"

Ya ce, "Malama, ubanta ne Boer. Uwarta ja ce irin tamu, ga ta can. Ruwa biyu ce. Farin jikin nan da jan kan suna bin jini ƙwarai, shi ya sa in kin je wani wuri za a rantse miki tsantsa ce a karɓi kuɗin tsantsa."

Daga nan ya shiga tambayata girman tsakar gidana, ko ina da gona, me nake ba awakina da rani. Da na faɗa masa, ya ce in bar ta in ɗauki jajaye. Mai sayarwa ne yake hana ni sayen abin da ya fi tsada a gonarsa, kuma wannan ne ya sa na yarda da sauran maganganunsa. Ya kuma ja kunnena a kan Kalahari, wata jar akuya ce ita ma daga Afirka ta Kudu, ya ce yanzu akwai masu samun ƙatuwar jar akuyarmu su laƙaba mata wannan sunan. Ta gaskiya kunnuwanta dogaye ne a zube, hancinta a lanƙwashe, tamu kuwa kunnenta gajere ne a miƙe. Wani da muka tarar a wurin ya tambayi Saanen, farar akuyar nono ta ƙasar Suwizalan, Alhaji ya ce ba zai kawo dabbar da ranar bazara za ta gasa masa ba.

Na ɗauki jajaye biyu, na kuma haɗa da ruwa-biyun nan, don ina son in gani da idona a tsakar gidana. Kuɗinta ita kaɗai ya kusa na jajaye uku.

Kafin a yi ciniki matashin nan ya buɗe bakin kowacce ya nuna mini. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, na ƙasa ne guda 8. Duk ƙanana ne na nono har sai ta haura shekara, sannan biyu na tsakiya su fita manya su maye gurbinsu. Wajen shekara 2 manyan su zama huɗu, wajen 3 su zama shida, zuwa shekara 4 baki ya cika. Jajayen nan kowacce manyan haƙora biyu gare ta, daidai da abin da ke cikin littafin Alhaji. Ya sa na shafa hantsa in ji babu kulu, na duba kofato, na ɗaga bindi in ga babu alamar zawo.

A kan ƙaho ne muka saɓa da su, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba. Gonar tana da hidimar hana ƙaho fitowa. Ana yi wa ɗan akuya tun yana cikin sati ɗaya zuwa biyu da haihuwa, a yi allurar kashe zafi, a ɗora ƙarfe mai zafi a kan tsiron na ɗan lokaci, shi ke nan ƙaho ba zai tsiro ba. Da awakina suka haihu matashin ya yi ta lallashina, yana cewa, "Mama, kina da jikoki ƙanana a gidan nan, wata rana wata za ta ɗaga kai ta sami idon yaro." Maganarsa tana da hujja, kuma na ga yadda yake yin aikin a gonar, hannunsa ya faɗa, ba ya wuce lokaci. Amma ƙoƙon kan ɗan akuya siriri ne, in ƙarfen ya daɗe zafin yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, in kuma bai kama sosai ba sai wani karkataccen ƙaho ya fito wanda ya fi na asalin wahala, wani lokaci ya lanƙwaso yana neman shiga fatar kai. Sannan ƙaho ba ado kawai ba ne. A cikinsa akwai ƙashi mai rai da jijiyoyin jini, yana taimaka wa dabba ta sauke zafin jiki, abin da akuyar da za ta yi watan Maris da Afrilu a Kaduna take bukata. Da shi take kare kanta in karen unguwa ya shigo. Kuma mai saye a kasuwanninmu yana kallon ƙaho, bunsuru mai cikakken ƙaho ya fi shiga ido. Jar akuya ƙahonta gajere ne, ya kwanta baya, ban ga dalilin ƙona mata kai ba. Jikokina na koya musu kada su sunkuya a kan dabba tana cin abinci, kada su ja ta da ƙaho, kada kuma su riƙa tura goshin ɗan bunsuru da hannu da sunan wasa, don haka ake koya masa tunkuyi.

Inda na yaba musu shi ne ba sa yanke ƙahon babbar dabba, ko nawa za ka biya. Ina wurin wani ya zo da wannan bukatar saboda bunsurunsa yana dukan sauran, matashin ya ƙi. Ya ce in dabba ta girma, ramin da ke cikin goshinta yana haɗewa da cikin ƙahon, in aka datse daga tushe an buɗe rami har cikin kai, ga jini mai yawa, ga ƙuda zai yi ƙwai tsutsa ta shiga. Iyakar abin da zai yi shi ne ya rage ɗan tsinin da babu jini a cikinsa, ko a raba bunsurun da sauran. Masu shirin layya ma su lura, a mazhabarmu ta Malikiyya dabbar da ƙahonta ya karye yana zubar da jini ba ta yi, sai in ya warke.

Wani abu kuma da ban taɓa ji ba sai a bakin Alhaji: akwai awakin da ake haifa ba su da ƙaho tun asali, kuma mutane sukan so su haɗa irin waɗannan biyu don su sami garke marar ƙaho. Ya ce kada a yi. In uwa da uba duk marasa ƙaho ne, cikin 'ya'yan akan sami mata-maza da ba sa haihuwa. Yana da wani bunsuru marar ƙaho, bai taɓa sakinsa sai a kan mata masu ƙaho. Ya kuma nuna mini bayan tushen ƙahon bunsuru, inda wani maiƙo yake fita, ya ce rabin warin bunsuru daga nan yake, sauran daga fitsarin da yake fesa wa gemunsa lokacin barbara.

Duk da wannan sanin nasu, wayar da suka kewaye filin shan iska da ita ramukanta sun yi daidai da shigar kan akuya. Kai yana shiga, ƙaho ya hana shi fita. Na ga wata ta maƙale tana ta kuka sai da yaro ya zo ya murɗa kanta ya fitar. In da dare ne ko da tsakar rana babu kowa kusa, asara ce. Mai kiwon dabba mai ƙaho, ko dai ramin waya ya yi ƙanƙantar da kai ba zai shiga ba, ko a yi shinge na katako. Na faɗa musu, zuwana na baya-bayan nan ban ga an sauya ba.

Hidimar bayan saye ita ce ta fi komai daraja a wurina. Matashin ya biyo awakin har gida, ya sa na ware su daga tsofaffin awakina na sati uku, kwanon ruwa daban, na abinci daban. Ya tambayi ko nawa na gida sun taɓa samun rigakafin PPR, cutar nan da take zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, ta share garke cikin 'yan kwanaki. Ba su taɓa ba. Allurar daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato take fitowa, kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta dole a gama da ita cikin ɗan lokaci. Sai ya ce in tara maƙwabta. Ranar da ya zo da ita a cikin kula da ƙanƙara, kusan duk awakin layinmu aka yi wa, kowa ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara 3, ana fara yi tun ɗan akuya yana wata 3 zuwa 4, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son a ga bayan cutar baki ɗaya. Da kowace unguwa za ta sami mai tara mata awaki haka, da an rage kukan da ake yi duk hunturu.

Maganin tsutsar ciki ma ba ya ba da shi da ka. Yana da sikeli na ratayawa, ya sa dabba a buhu ya auna, sannan ya ɗebi magani daidai nauyinta. Ya koya mini in ja fatar idon akuya ta ƙasa in duba: in ja ce jawur lafiya lau, in ta yi fari-fari tsutsa tana shan jininta, musamman da damina. Ya hana ni ba mai sabon ciki maganin tsutsar da ake kira albendazole. Ya kuma ce duk dabbar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, a duba kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a yanka ta ko a sha nononta. Ranar da aka haihu ya kira ya tabbatar 'ya'yan sun sha dakashi tun a sa'o'in farko, ya ce in tsoma cibiyarsu a aidin.

Matsalar ita ce shi kaɗai ne. In ya tafi wani gida a Rigasa ko Mararrabar Rido, kai da ke Badarawa sai ka jira, ranar Asabar da Lahadi kuwa samunsa a waya sai an dace. Kumburin ciki ba ya jiran Litinin. Gonar da take sayar da dabba da alkawarin kulawa ya kamata ta ƙara masa mataimaki.

Abincinsu mai kyau ne. Dusar masararsu babu yashi babu ɓawon shinkafa da ake cusawa don buhu ya cika, harawar waken kuma da ganyenta, ba kara zalla ba. Amma harawar ta yi tsada. Wanda yake da hanyar Soba ko Makarfi ko Giwa, ya saya da kaka ya jibge a kan rumfa, zai rage kusan rabin abin da zai kashe da bazara. Su da kansu suka nuna mini in riƙa rataye harawar maimakon zubawa a ƙasa, don akuya da ɗaga kai take son ci, kuma abin da ta taka ba za ta koma masa ba. Ina haɗa musu da ƙowa da ganyen mangwaro, da 'yar kanwa a ruwa. Sauran tuwo da shinkafa kaɗan-kaɗan, hatsi mai yawa a lokaci guda yana kumbura ciki har ya kashe. Leda kuwa ita ce babbar annobar akuyar birni. Matashin ya ce in ka ga akuya tana ci tana ramewa, cikinta ya yi tauri, an ba da maganin tsutsa bai yi ba, sau da yawa leda ce ta cunkushe tumbinta. Tun daga nan na daina sakin nawa su fita bola.

Ga abin da ya fito daga ukun nan. Jajayen sun ɗauki ciki ba wahala, bayan wata 5 kowacce ta sauke tagwaye, ba wanda ya sa musu hannu, nono ya ishi 'ya'yan. Marka ta zo ta wuce ko tari ban ji ba. Ruwa-biyun ta girma da sauri, ba ta cika shekara ba ta kere su tsawo da faɗi, duk wanda ya shigo gidan ita yake fara tambaya. Amma cinta ya kusa na jajayen biyu a haɗe, kuma in dusa ta ragu nan da nan take zubewa. Da ruwan Agusta ya zauna ita ce ta fara tari, ita ce kofatonta ya yi laushi ya fara wari, ita ce idonta ya fara yin fari. Ta haifi ɗa ɗaya, ƙato mai kyau, wani mahauci ya taya shi da kuɗin da bai taɓa taya ɗan jar akuya ba. Da na zauna na cire kuɗin dusa da na magani, 'ya'ya huɗun jajayen sun fi shi bar mini riba nesa ba kusa ba. Ruwa-biyu kamar babbar mota ce, ba a wajen saye ake jin nauyinta ba, a gidan mai ne. Wanda yake da gonarsa, harawa da dusa daga rumbunsa suke fitowa, yana da ɗaki mai daɓen katako, zai ci ribarta sosai, don naman yana nan. Mace irina da take auno dusa da mudu daga albashi, jar akuya mai kyawun iri ta fi mata.

Dakon da suka yi mini bai yi kyau ba. An ce da safe za a kawo, sai bayan azahar motar ta iso, cikin zafin bazara, awakin a bayan akori-kura ƙafafu a ɗaure babu ko buhu a kansu. Ɗaya daga jajayen ta sauko tana haki baki a buɗe, sai da muka kai ta inuwa muka riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Direban haya ne, ba na gonar ba. Da na kira, Alhaji ya ba da haƙuri ya kuma mayar mini da kuɗin dakon, amma wanda ya yi wata da watanni yana tattalin dabba bai kamata ya miƙa ta ga wanda bai san darajarta ba. Haka kuma tarihin nan da ake biya dominsa yana cikin littafin Alhaji ne kawai. Akwai lamba a kunnen kowace akuya, amma mai saye ba ya tafiya da ko guntun kati mai ranar haihuwa da ranar rigakafi da lambar uwa da uba. Ni da birona na kwafa a bayan takardar makaranta.

Abin da ya fi damuna shi ne hayar bunsuru. Tsarin a kansa mai kyau ne: ana kawo shi ya zauna sati uku, tunda akuya duk kwana 21 take neman namiji, za ka gan ta tana kaɗa bindi tana yawan kuka. Kuma Alhaji ba ya yarda a ɗora ƙaton Boer a kan ƙaramar budurwa mai haihuwar fari, saboda kada ɗan ya fi ƙarfin ƙugunta. Amma bunsurun nan daga gidana wani gida zai wuce, daga can wani. Na tambaya ko ana ware shi a duba shi tsakanin gida da gida, aka ce ana yi masa allura. Wannan amsar ba ta gamsar da ni ba. Akwai cututtukan da suke sa ɓari waɗanda garke yake ɗauka daga garke, ga ƙazuwa da ƙwarƙwata da suke bin gashi. Wurin da yake sa baƙo ya tsoma takalmi a magani bai kamata ya bar bunsuru yana zaga gidajen Kaduna haka ba.

Saboda haka na daina karɓar na haya. Mu huɗu a layinmu mun haɗa kuɗi, mun ce a ajiye mana ɗan bunsuru ja. Alhaji ya duba littafinsa ya zaɓo mana wanda uwarsa tagwaye take haifa kuma babu jini tsakaninsa da matan da muka saya a wurinsa. Bayan kaka za mu ɗauko shi, da sassafe, a motar da muka nemo da kanmu, kuma na riga na ce a rubuto mana katinsa.